Shinkafar Daji A Fangalinmu

Duk wanda ke noman shinkafa a fadamun Sakkwato da Kabi, ko a Kadawa ta ƙasar Kano, ya san wannan baƙuwa. Tana tsirowa tare da shinkafarmu, ganyensu iri ɗaya, ba mai iya rarrabe su sai ta yi zangarniya. Kafin mu kai lauje ta riga ta zubar da 'ya'yanta, su kuwa suna iya kwana shekaru cikin ƙasa suna jiran ruwa. Ɗan abin da ya shiga buhu ja ne, yana karya farashi. Maganin ciyawa ba ya cetonmu, gama abin da zai kashe ta zai kashe 'yar'uwarta.

A cikin misalin zawan, Matiyu sura 13, maigida ya bar alkama da zawan su girma tare har girbi. Wannan koyarwa ce a kan Mulkin Allah. A fangali kam, wanda ya jira girbi ya makara.

Fangalin da ta cinye sai mu hutar da shi shekara guda, amma hutun ba na sakaci ba ne. Bayan girbi kada mu yi huɗa mai zurfi, domin binne irin adana shi ne. Mu bar shi a fili, tsuntsaye da agwagi su tsince. Daga nan mu jiƙa ƙasa, mu jira kamar sati 2 ta tsiro, mu kashe ta da fartanya, mu sāke jiƙawa. Kowane zagaye yana rage abin da ke ɓoye. Irin mai saiwa da ke yaɗuwa ƙarƙashin ƙasa kuwa, kaftun rani ne maganinta, rana ta ƙone saiwar.

Sa'ad da muka komo ga shinkafa, dashe ya fi yafi nesa. Mu dasa irin da ya yi kwana 21 a layi, mu tsare ruwa ya kai santimita 5 zuwa 10, kada ya janye. Ƙwayar da ke ƙarƙashin laka da ruwa ba ta samun iskar tsirowa. Abin da ya fito tsakanin layi, mu sa yara su cire tun bai yi kai ba.

Ruwa dai yana ɗauko iri daga fangalin maƙwabci. Saboda haka mu yi shawara da maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi, mu share magudana rana ɗaya.