Ma'anar "Positive" da "Negative" a Takardar Sakamakon Gwaji

Sau da yawa majiyyaci kan karɓo takardar sakamakon gwaji, kafin ya iso wurin likita ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Wani da ya ga "positive" sai gabansa ya faɗi. Wani kuma, da yake ya san kalmar a Turancin yau da kullum tana nufin abu mai kyau, sai ya ninke takardar ya koma gida. Duk su biyun sun yi gaggawa.

Me kalmomin suke nufi?

A asibiti, "positive" na nufin an samu abin da aka nema a jini, fitsari ko majina. "Negative" kuwa na nufin ba a same shi ba. Ko labarin mai daɗi ne ko akasin haka, ya danganta da abin da aka nema.

Idan gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna "positive", an ga ƙwayar cutar ko alamarta a jini, sai a sha magani. Idan gwajin ciki ne, mace tana da juna biyu.

A gwajin ciwon hanta nau'in B ne aka fi samun ruɗani. HBsAg "positive" na nufin ƙwayar cutar tana jiki. Amma anti-HBs "positive" na nufin jiki ya samu kariya, ko ta allurar rigakafi ko don ya taɓa kamuwa ya warke.

Rukunin jini

Wanda aka rubuta masa "O positive" ko "A positive" ba shi da wata cuta. Ana nufin jajayen ƙwayoyin jininsa suna ɗauke da sinadarin Rhesus, kamar na mafi yawan mutane. Wadda ya kamata ta kula ita ce mai juna biyu da jininta yake "negative". Idan ta haifi jariri mai "positive", tana buƙatar allurar anti-D cikin awa 72 domin kare cikin da zai biyo baya. Haka ma bayan ɓari, ta sanar da likita rukunin jininta.

Gwaji ba ya faɗin komai shi kaɗai

"Negative" ba kullum yake nufin an tsira ba. Gwajin HIV na gaggawa zai iya ɗaukar har wata 3 bayan kamuwa kafin ya gano cutar, shi ya sa akan ce a dawo a sake. Gwajin ciki ma, idan an yi shi kafin ranar da ake sa ran al'ada, yana iya kasa nunawa.

Haka kuma gwajin Widal na taifod yakan nuna "positive" ga wanda ya taɓa yin cutar a baya, ko wanda wani zazzaɓin daban yake damunsa. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis saboda wannan takardar kaɗai kuskure ne.

Abin da ya kamata a yi

A mayar da kowane sakamako ga likitan da ya rubuta gwajin, domin shi zai haɗa shi da alamomin da ya gani a jiki. A tambaye shi: me aka nema? Me sakamakon yake nufi a gare ni? Akwai buƙatar sake gwajin? Kada a ji nauyin cewa a yi bayani da Hausa, haƙƙin majiyyaci ne.