Shin Ko Kun San? Kudancin Garin Kaduna, Tsakanin Kogi da Dogo

Shin ko kun san jirgin ƙasa ya riga gwamnati zuwa Kaduna? Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa nan ya isa Kano a 1911. Sai a 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta bakin kogin Kaduna. Ƙarafan layin kuwa ta teku suka zo, jiragen ruwa suka haura da su kogin Neja har Baro.

Ko kun san tashar Kaduna Junction da ke kudu da kogi ita ce mahaɗar manyan layuka biyu? A 1927 layin gabas, mai tasowa daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan, ya zo ya tarar da na Legas zuwa Kano. Ta nan kwal ɗin Inugu yake hawowa, shi ne abincin kan jirgi a zamanin hayaƙi. Kafin a buɗe gadar Makurdi a 1932, a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu kogin Binuwai.

Dogon ne ya jawo masana'antu unguwar Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Yau yawancin masaƙun nan a garƙame suke, kuma abin takaici ne yaro ya tashi a Makera ko Barnawa yana tsallake dogo kullum, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa abin da kakansa ya zo yi garin nan.

Ko kun san jirgin Abuja ba zai iya hawa tsohon layin ba? Tazarar ƙarafan tsohon milimita 1,067 ce, ta sabon da aka buɗe a 2016 tsakanin Idu da Rigasa kuwa 1,435.

Shi kansa kogin daga tsaunukan Jos ya faro, yana tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Neja a wajen Pategi. Mai iyalin da ke son shan iska cikin natsuwa ba sai ya nemi bakin tekun Legas ba. Da rani ruwa yakan janye, duwatsu su bayyana, a shimfiɗa tabarma a sha rake. In za ku zo yawon, ku fara da tashar Kaduna Junction da hantsi, ku nemi izinin ma'aikata kafin ɗaukar hoto, in kun dace da tsohon ma'aikacin reluwe ku bar yara su yi ta tambayarsa. Da damina dai a yi nesa da gaɓa, musamman Agusta da Satumba, lokacin da kogin kan yi ambaliya har cikin unguwanni.