Itacen Da Ba Ya Rabuwa Da Ganye

Da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa ganin hoton wani itace a littattafan Turawa ba, mai faɗin gindi da tsinin kai kamar malfa, kore shar ko a tsakiyar ƙanƙara. Sunansa fir. Irinsa ya kai wajen 50, ganyensa sirara ne kamar allura, 'ya'yansa kuwa a tsaye suke bisa reshe kamar kyandir. Yana cikin itatuwan da Turawa ke ƙawata ɗaki da su lokacin Kirsimeti. Sau da yawa 'yan'uwa sukan tambaya, shin in an dasa shi a lambu a nan Zuru zai kama?

Ba zai kama ba. Fir ɗan ƙasar sanyi ne da kan manyan duwatsu. Duk faɗin Afirka babu inda ya tsiro da kansa sai duwatsun Maroko da na Aljeriya. Duwatsunmu na Zuru ba su kai tsawon da za su ba shi sanyin da yake so ba. Hunturunmu kuma busasshe ne, alhali shi laima yake bukata, sa'an nan zafin Maris da Afrilu ya zo ya ƙarasa shi. Wanda ya ɓata kuɗinsa a kansa ya yi aikin baban giwa.

To, amma abin da muke sha'awa gare shi, watau inuwa da koren ganye rani da damina, muna da mai ba mu shi. Shi ne darbejiya, wanda wasu ke kira dogon yaro. Shi ma baƙo ne, asalinsa ƙasar Hindu da Bama. A 1928 aka fara shuka shi a lardin Barno da irin da aka kawo daga ƙasar da yanzu ake kira Gana, ga shi yau ya zama ɗan gari.

Ga yadda ake renonsa. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje ɓawon, a wanke ƙwallon, a shanya a inuwa. Kada a ajiye, gama irin darbejiya ba ya jimirin ajiya, cikin 'yan makonni sai ya mutu. A shuka shi nan da nan cikin ƙasa mai gauraye da taki, cikin mako 1 zuwa 3 zai tsiro.

Dashe kuwa sai ruwa ya zauna, wajen Yuni ko Yuli. A haƙa rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi, a zuba ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, don ɗanye yana jawo gara. A guji fadama da duk inda ruwa ke kwanciya, gama saiwarsa ba ta son jiƙo. A kuma nisanta shi daga bango da rijiya da kamar ƙafa 20. Na san wani gida inda aka ƙi jin wannan, saiwa ta tsaga katanga, tilas aka sare itacen yana tsakiyar ba da inuwa.

Rani na farko shi ne wuyar aikin, a nan ne yawancin dashe ke mutuwa. Sa'ad da aka gama girbi aka saki dabbobi, awaki ba su ganin kore sai naka, ɗacin ganyen kuwa ba ya hana su. Saboda haka a kewaye shi da ƙaya ko kara tun kafin kaka. A ba shi ruwa tulu guda sau 2 a mako, da maraice, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe. Yayyafin kullum ba shi da amfani, yana sa saiwa ta tsaya a sama, alhali so ake ta nutsa ƙasa neman ruwa. A share ciyawar da ke kewaye saboda gobarar daji.

Kadan ya tsallake rani 2, ya wuce reno. Sai dai a riƙa datse rassan ƙasa don ya miƙe sosai. Cikin shekara 3 zuwa 5 zai fara 'ya'ya, tsuntsaye da jemagu su yi ta watsa irin, har ka koma tuge waɗanda suka tsiro a gindin shinge kana rabawa maƙwabta.