Yadda Ƙananan Kulob-Kulob Na Golf A Sikotlan Ke Tsallake Hunturu

Daga farkon watan Nuwamba zuwa ƙarshen Maris na kowace shekara, kulob-kulob na wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, a ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya kan shiga wani hali da duk ɗan kasuwar da cinikinsa ke bin yanayi ya san irinsa. Kuɗin shiga kan ja baya ƙwarai, alhali kuwa albashin ma'aikata, da kuɗin wuta, da inshora, da gyaran injuna ba su san an shiga hunturu ba. A cikin waɗannan watanni biyar ne akan gane kulob ɗin da zai ga wata shekara da wanda zai rufe ƙofa.

Sikotlan na da filayen golf fiye da 500, kuma akasarinsu ba na attajirai ba ne. Na jama'ar gari ne: ko dai mallakar 'yan kulob ɗin da kansu, ko ta ƙaramar hukuma, ko ta wata ƙungiyar amintattu. Wannan al'ada ta daɗe. Tun a shekarar 1552 aka rubuta takardar da ta tabbatar wa mutanen garin St Andrews 'yancin yin wasa a filin da ke bakin tekun garin, kuma a 1974 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa hukumar amintattu ta St Andrews Links Trust domin ta kula da filayen a madadin jama'a. A ƙananan garuruwa kuwa, kwamitin 'yan sa-kai ne ke tafiyar da kulob, da shugaba da sakatare da ma'aji, tare da ma'aikata kaɗan masu kula da fili.

Gajartar Yini

Matsala ta farko ita ce hasken rana. Hunturun Sikotlan ba irin na ƙasar Hausa ba ne mai ƙura da bushewa. Lokaci ne na ruwan sama da iska da ƙanƙara, ga kuma gajartar yini. A birnin Edinburgh, a ƙarshen watan Disamba, rana kan fito da misalin ƙarfe 8:40 na safe ta faɗi da misalin ƙarfe 3:40 na yamma, watau sa'o'i bakwai ke nan. A watan Yuni kuwa yini kan haura sa'o'i 17.

Kewaya ramuka 18 na fili kan ɗauki kimanin sa'o'i huɗu. Idan ana sallamar 'yan wasa huɗu a kowane minti goma, mutum 24 ke nan a sa'a guda. A watan Yuni, in aka fara da ƙarfe bakwai na safe aka tsaya da ƙarfe shida na yamma, fili zai ɗauki mutum 264. A watan Disamba kuwa sa'o'i uku kacal ake da su na sallamar masu son kammala wasa kafin duhu, watau mutum 72. Wannan ma sai a ranar da yanayi ya yarda. Saboda haka tun kafin a zo maganar sanyi, abin da kulob ke da shi na sayarwa ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku.

Bugu da ƙari, baƙin da ke zuwa daga Amurka da sauran ƙasashen Turai, waɗanda su ne ke biyan kuɗin wasa mai tsoka, kusan dukkansu tsakanin Afrilu da Oktoba suke zuwa. A tsohon filin St Andrews, kuɗin wasa sau ɗaya ya kai fam 320 a lokacin zafi na 2024, amma da hunturu akan rage shi sosai. Ƙananan kulob-kulob ma haka suke yi, wani lokaci har su haɗa da miya da burodi a cikin farashin don jawo mutane.

A Buɗe Ko A Rufe

Matsala ta biyu ita ce ciyawa, wadda ita ce jarin kulob. Idan sanyin ƙasa ya sauka ƙasa da digiri 5 ko 6 a ma'aunin santigiret, ciyawa kan daina tsiro. Duk ɓarnar da aka yi mata a watan Disamba tana nan har watan Afrilu. Idan raɓa ta daskare a kan ganye aka taka shi, ganyen kan karye ya yi baƙi. Mafi muni shi ne lokacin da saman ƙasa ya narke amma ƙarƙashi na daskare, domin tafiya a kai na iya tsinka saiwa.

Wannan ne ya sa kowace safiya shugaban masu kula da fili kan kewaya tun da duhu-duhu ya yanke shawara: a buɗe, a jinkirta, ko a rufe. Shawarar ta kuɗi ce kai tsaye. In ya rufe, an yi asarar cinikin ranar a ɗakin abinci da mashaya, kuma 'yan kulob da suka biya kuɗin shekara za su yi gunaguni. In ya buɗe fili ya lalace, baƙin da ake sa rai da su a watan Mayu za su tarar da shi a ƙwaƙule, labari kuma ya bazu.

Akwai dabarun da aka saba da su na raba gardama. Akan tona ramuka na wucin gadi a gefe, domin a hutar da lallausar farfajiyar da ke kewaye da ramin ainihi, wadda ita ce ta fi tsadar reno. Akan ba kowane ɗan wasa 'yar tabarmar roba ya riƙa ɗora ƙwallo a kai kafin ya buga, don kada sanda ta fizge ciyawa. Ko a tsohon filin St Andrews wannan ƙa'ida kan yi aiki daga Nuwamba zuwa Maris. Akan ja igiya a karkatar da masu tafiya daga wuraren da suka jiƙe, a hana shiga da ƙananan motocin fili, a kuma rage ramuka daga 18 zuwa 12 ko 14.

A nan irin ƙasar da Allah ya ba kulob tana da tasiri a kan asusunsa. Filayen bakin teku a kan yashi suke, ruwa na tsanewa nan da nan, ana kuma iya wasa a kansu kusan duk shekara. Filayen cikin ƙasa masu laka kuwa kan yi makonni a rufe. Don haka wasu kulob-kulob na bakin teku kan sayar da katin zama mamba na hunturu kaɗai ga 'yan wasan da filayensu suka cika da ruwa. Asarar wani ta zama cinikin wani.

Kashewa Ba Ta Hutu

Ko da ba a yanka ciyawa, hunturu shi ne lokacin manyan ayyuka. A cikinsa ake haƙa magudanan ruwa, a sake gina bangon ramukan yashi, a huda ƙasa don iska ta shiga, a sare ƙayoyi, a kwance injunan yankan ciyawa a wasa wuƙaƙensu. Ba a iya sallamar ƙwararrun ma'aikata a watan Nuwamba a sa ran samunsu a watan Afrilu, saboda haka albashinsu na tafiya.

A 'yan shekarun nan nauyin ya ƙaru. Bayan da Rasha ta kai wa Yukiren hari a 2022, farashin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashin kaya a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100 a watan Oktoba na shekarar. Ɗumama babban ginin kulob domin mutum goma da suka zo shan shayi ya zama abin lissafi, dalilin da ya sa kulob-kulob da dama suka rage ranakun buɗe ɗakin abinci da hunturu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa fam 11.44 a sa'a a watan Afrilu na 2024, sa'an nan fam 12.21 a Afrilu na 2025, lokacin da kuma kason inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin 100.

Har ila yau, hukumomi sun janye wasu magungunan feshi da aka daɗe ana dogara da su wajen yaƙar cutar fumfuna mai cin ciyawa a lokacin danshi, kamar iprodione a 2018 da chlorothalonil a 2020. Abin da ya rage shi ne rigakafi: share raɓa da sassafe, zuba yashi, da sauya irin ciyawa, dukkansu kuwa aikin hannu ne mai cin lokaci.

Ga kuma guguwa. Wadda aka sa wa suna Arwen ta kayar da ɗimbin itatuwa a arewa maso gabashin Sikotlan a watan Nuwamba na 2021, Babet kuma ta haddasa ambaliya a yankin Angus a watan Oktoba na 2023. A garin Montrose da ke wannan yanki, inda ake wasan golf tun 1562, teku na cin gefen filin shekara bayan shekara, har an tilasta wa masu kula da shi matsar da wasu sassansa.

Kuɗin Mamba Shi Ne Ginshiƙi

Abin da ke riƙe ƙaramin kulob a wannan lokaci shi ne kuɗin da 'yan kulob ke biya na shekara. Sai dai akwai sarƙaƙiya a ciki. Kulob-kulob da yawa na gudanar da babban taronsu na shekara da hunturu, a can ake tsayar da sabon farashi, takardun neman biya kuma su fita tsakanin Janairu da Afrilu. Ke nan ana neman mutum ya biya, sau da yawa ma da ƙari, a daidai lokacin da ya yi makonni bai taka filin ba, ga kuma ɗawainiyar bukukuwan ƙarshen shekara da ya fito daga ciki.

Alal misali, a ɗauki kulob mai mutum 400, kowa na biyan fam 600. Jimla fam 240,000 ke nan. In mutum 40 suka ƙi sabuntawa, an rasa fam 24,000, kusan albashin shekara na ma'aikaci guda. In kwamiti ya ce zai cike giɓin da ƙarin farashi a kan waɗanda suka rage, wasu ma sai su fita. Ta wannan hanya ce kulob kan zame sannu a hankali.

Don kauce wa haka, da yawa sun koma karɓar kuɗin wata-wata ta banki, abin da ke sauƙaƙa wa mai biya, ya kuma ba ma'aji kuɗi a hannu a kowane wata. Akan shirya gasar hunturu ta ƙarshen mako, da daren kacici-kacici, da liyafar Kirsimeti, a kuma ba da hayar zaure don bukukuwa da zaman makoki. Wasu sun sanya ɗakin wasa na kwamfuta, inda ake buga ƙwallo a jikin majigi ko da dare. Akan kuma kira aikin gayya, 'yan kulob su fito su kwashe rassan da iska ta karya ko su yi fenti. Manufar duka ɗaya ce: kada ɗan kulob ya yi wata uku bai leƙo ba, domin wanda ya saba da rashin zuwa shi ne ke fara tunanin fita.

Tallafin Doka Da Iyakarsa

Gwamnatin Birtaniya ta ɓullo da wani tsari a 2002 na rajistar kulob-kulob na wasanni mallakar jama'a. Wanda ya shiga kan sami rangwamen kashi 80 cikin 100 na harajin gine-ginen kasuwanci, amma da sharaɗin ƙofarsa na buɗe ga kowa, ribarsa kuma ta koma cikin wasan. A ƙa'idojin 2015 an kayyade cewa kuɗin mamba kada ya wuce fam 1,612 a shekara. Kazalika a watan Disamba na 2013, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar kulob ɗin Bridport and West Dorset na Ingila cewa kuɗin da baƙi ke biya a kulob ɗin da ba na neman riba ba, bai kamata a ɗora masa harajin VAT ba. Dokar Sikotlan ta 2015 kuma ta ba ƙungiyoyin jama'a damar neman a miƙa musu kadarorin hukuma, ciki har da filayen wasa.

Duk da haka ba kowa ke tsira ba. A birnin Dundee an rufe filin hukuma na Camperdown a 2020, aka kuma rufe na Caird Park a 2025. Kulob ɗin Hirsel da ke garin Coldstream ya durƙushe a watan Satumba na 2024, ana gab da shiga hunturu. A ɗaya gefen kuwa, filin Askernish da ke tsibirin South Uist, wanda Old Tom Morris ya tsara a 1891, ya farfaɗo a 2008 bayan da mutanen tsibirin suka sayi ƙasarsu a 2006. Kulob ɗin Brora da ke can arewa, da annobar korona ta hana baƙi zuwa a 2020, ya sayar da katin zama mamba na har abada da na mazauna ƙasashen waje, ya tsallake.

Abin da ya bambanta waɗanda ke ɗorewa a mafi yawan lokuta shi ne tanadi. Sukan ware wani kaso na cinikin watannin zafi tun yana shigowa, su tsara kasafin shekara bisa kuɗin 'yan kulob maimakon dogaro da baƙi, su kuma bayyana wa 'yan kulob dalilin rufe fili da abin da ake yi da kuɗinsu. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. A ƙarshen watan Maris, sa'ad da aka ɗauke tabarmin roba aka koma ramukan ainihi, ma'aji kan ƙidaya waɗanda suka sabunta katinsu, daga wannan adadi ne kuma kwamiti ke sanin ko zai iya sayen sabon injin yankan ciyawa a shekarar, ko kuwa a sake lallaɓa tsohon.