Labarin Yaran Tunga da Gubar Dalma a Ƙasar Bukkuyum

 

A sani tun zamanin kakanni al'adar mutanen yammacin Zamfara ce kadan gona ta gaji, ko gida ya yi wa 'ya'ya kaɗan, sai magidanci ya ɗauki gatari da iyalinsa ya nausa daji, ya yi saran sabuwar gona, ya kafa bukka. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wannan, har wurin ya zama tunga. Haka aka cika dajin da ke tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi. Babba ya je tunga da zaɓinsa. Yaro kuwa goya shi aka yi aka kai shi, kuma shi ne farkon mai biyan kuɗin nisan wurin.

Abin da iyaye ke tsoro a dā sananne ne: kura da dare, kububuwa a cikin ciyawa, rijiya marar baki, gulbi in ya kawo, sanƙarau da bazara, zazzaɓi da damina. Dukansu daga waje suke zuwa, ana yi musu shinge da tsawa da addu'a. Amma musibar da ta ci yara da yawa a wannan ƙasa, uba ne ya ɗauko ta a buhu ya shigo da ita gida, bai sani ba.

Ga yadda abin ya faru. Sa'ad da zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, manoma suka koma haƙar dutse. Suna kawo shi cikin gida, mata su farfasa, a daka a turmi, ko a kai injin niƙan hatsi, sa'an nan a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba, a shanya sauran a tsakar gida. Ashe dutsen da aka faɗa a kansa cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a ɗaka da tabarma da ƙwaryar fura. To, wane ne ya fi kusa da ƙasa? Mai rarrafe, wanda kome ya taɓa sai ya kai baki. Cikin yaro kuwa ya fi na babba shan dalma nesa ba kusa ba, ita kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Sai a ga yaro yana amai, yana jijjiga, ya sume, kwana kaɗan a kai shi makwanci.

A watan Maris na 2010, watau shekara ta 1431 ta Hijira, likitocin ƙungiyar MSF da ke bin sawun sanƙarau suka sami labarin yara na mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Aka ba da maganin zazzaɓi, bai yi kome ba. Sai da aka aika jini Turai aka auna, sa'an nan aka gane dalma ce. Masu bincike suka bi gida gida a Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka, suka tarar cikin yara 463 da ba su kai shekara 5 ba, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Ƙasar wasu gidaje ta haura kashi 100,000 cikin miliyan na dalma, alhali haddin da Amurka ke aiki da shi a lokacin 400 ne. Jimillar yaran da suka halaka an ƙiyasta ta kai 400.

Nan akwai abin lura. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan ba musu. Amma wanda ya yanka ajali bai ɗauke wa bawa neman sababi ba, kuma yaro amana ne a wuyan uba da mai gari da hukuma baki ɗaya. Da a birni aka binne yara goma a unguwa ɗaya cikin mako, da gari ya ɗauka. A tunga kuwa, inda hanya ke yankewa da ruwan farko, aka yi ta haƙa ƙananan kaburbura wata da watanni ba wanda ya ji. Dalma ta yi kisa, nisa ya rufa mata asiri.

Maganin ya zo kashi biyu. Akwai ƙwayar da ke kama dalmar cikin jini ta fitar da ita ta fitsari, aka buɗe wuraren ba da ita a Anka da Bukkuyum. Sai dai ba ta da amfani in yaro zai koma kan ƙasar da ta cuce shi. Saboda haka ma'aikatan TerraGraphics da Blacksmith tare da samarin ƙauyukan suka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya, suka binne ta a ramuka bayan gari, suka zuba sabuwa. An fara da Yargalma da Dareta ana tsere da damina, daga baya aka yi Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sumke da Duza. Sarakuna kuma suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013, yaranta na jira tare da ita. Da yawa daga waɗanda suka rayu sun tashi da raunin fahimta, wasu da makanta ko shanyewar jiki, domin abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya komawa.

Ba a gama da wannan ba sai tsohon tsoro ya dawo daga daji, wannan karon bisa babur. A watan Afrilu na 2019 gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba na 2024. A farkon Janairu na 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun binne wajen 200. Mata suka kwashi 'ya'ya suka bar tungayen da kakanni suka sara, suka nufi garin Anka da ƙafa. A cikin wannan shekara ce kuma MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar, bayan ta yi wa dubban yara magani.