Daren Ɗari a Umdurman: Me Za Mu Ɗora a Kan Garwashi?

Wanda bai san Hartum ba sai a watan Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba zai yarda ana neman bargo a garin nan ba. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa takan sauko daga hamada, da dare ma'auni ya faɗo wajen digiri 15, wani lokacin har ƙasa da haka, musamman a unguwannin bakin kogi. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce masa shita, iyayenmu kuwa ɗari ko hunturu. A lokacin ne ake fito da kanun, wato murhun gawayi, tsakar gida bayan Isha, a jawo tabarma, kowa ya miƙa hannu yana jin ɗumi.

A ƙasashen Turai idan sanyi ya yi, sukan dafa giya da kayan ƙamshi su sha a bakin wuta. Mu Allah ya hutar da mu, domin haɗe-haɗen halal da muke da su sun ishe mu. Kuma idan ka duba tukunyar Bahaushen Sudan da kyau, za ka ga gida biyu ne a cikinta.

Kakanninmu da yawa hanyar Hajji ce ta kawo su. Wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Sun zo da kunu da fura, sun tarar da shayi da jabana. Ko zaman bakin wutar ma ba baƙo ba ne a gare su. Yadda almajiran tsangaya ke kewaye wutar kara da alluna, haka ɗaliban halwa ke kewaye wutar da ake kira tugaba. A halwar Um Dawwan Ban da ke gabashin Hartum, wadda Shehu Al-Ubaid Wad Badr ya kafa a ƙarni na 19, mutanen wurin suna alfahari da daɗewar wutar Alƙur'aninsu tana ci.

To, me ake ɗorawa?

Na farko shayin citta. A zuba ruwa kofi biyar, a daka busasshiyar citta kamar girman babban yatsa, a sa kanumfari huɗu da ɗan guntun kirfa, a bar su su tafasa minti goma kafin ganyen shayi ya shiga. Sirrin ke nan: kayan ƙamshi suna son daɗewa a wuta, ganyen shayi kuwa idan ya daɗe sai ɗaci. Na'a-na'a sai an sauke. Tsofaffinmu kan jefa masoro biyu ko uku, su ce shi ke korar mura.

Na biyu zoɓo mai zafi, wanda a nan muke kira karkade. Mai kyau daga Kurdufan yake zuwa, ta kasuwar amfanin gona ta Al-Ubayyid. A wanke cikin hannu ɗaya, a tafasa da citta da kanumfari, a tace, sannan a sa sukari. Mai fama da ƙarancin hawan jini ya sha kaɗan, domin zoɓo yana saukar da jini.

Na uku madidar hulba, abin da mata masu jego suka fi sani. Ana dafa cokali biyu na hulba har ta yi laushi, a zubar da ruwan farko idan ana gudun ɗaci, a dama gari da madara a zuba, a yi ta juyawa har ta yi kauri, a ɗiga man shanu. Mai ciki dai ta tambayi ungozoma ko likita kafin ta yawaita.

Sai namu na gado, kunun tsamiya. A jiƙa tsamiya, wadda 'yan kasuwa ke kira aradeb, a dama garin gero da aka niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a sheƙa tafasasshen ruwa a kai ana juyawa. Kofi ɗaya yana riƙe cikin yaro har asuba. Kunun gyaɗa ma haka, kuma gyaɗa ba ta yanke mana a kasuwa.

Jabana kuwa ta manya ce. A soya 'ya'yan gahawa a kan garwashi, a daka da citta da habahan, a tafasa, a tace a cikin tulun yumɓu mai dogon wuya, a zuba a ƙananan finjalai. Don Allah iyaye, kada a ba yara da dare. Ni malamin makaranta ne, na san fuskar yaron da ya sha gahawa bayan Isha: a darasin farko kansa na kan benci.

Duk wanda ke son ya ƙware, ya zauna kusa da mai shayi a bakin titi ya zuba ido. Matan nan da ake kira sittat ash-shai, da kwalabensu na citta da kirfa da hulba a jere, su ne gwanayen haɗi a ƙasar nan. Ɗaya daga cikinsu, Awadiya Mahmud Koko, wadda ta jagoranci ƙungiyar mata masu sayar da shayi da abinci, har lambar yabo ta jaruman mata ta karɓa a Amurka a 2016.

Sai dai ɗarin yanzu ba irin na da ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gidaje da yawa sun watse. Waɗanda suka fara dawowa bayan watan Maris na 2025 sun tarar da ƙofofi a ɓalle, wutar lantarki ba tabbas, gas ya yi tsada. Saboda haka gawayi ya zama na girki da na ɗumi gaba ɗaya, kuma a nan haɗarin yake. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya ɗauka barci ne, ya kwanta bai tashi ba. Kanun na tsakar gida ne. Idan an gama hira a kashe shi a waje, kada a shiga da shi ɗaki ko da ya daina hayaƙi.

Na biyu ruwa. Ba mu manta kwalarar da ta addabi Umdurman a watan Mayun 2025 ba. Duk abin da za a sha, a bari ruwan ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya. Ruwan jiƙon tsamiya da na wanke kofuna su ma a kula da su, don ta nan ake yawan sakaci.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A aji nakan ga yaranmu suna jin Hausa amma suna amsawa da Larabci, wasu ma kunyar yin ta suke a gaban abokai. Makaranta ba za ta koya musu ita ba, manhajarmu ba ta da gurbinta. Bakin kanun ne ajinta. A can ne kaka ke ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, a can yaro ke jin cewa janzabil sunansa citta, gurunful kuma kanumfari. Ku aiki yaro ya ɗauko kayan haɗin da sunayensu na Hausa, ku ajiye wayoyi na awa ɗaya, ku bar tsofaffi su yi magana.

Kuma tunda gawayi ya yi tsada, ba sai kowane gida ya hura nasa ba. Yadda takaya, wato dafa-dukan unguwa, suka ciyar da jama'a a tsakiyar yaƙi, haka gida uku za su iya haɗa kanun ɗaya: wannan ya kawo gawayi, wancan gero, ɗayan sukari. A tuna da gwauruwar da 'ya'yanta ba su dawo ba, da tsohon da ke kwana shi kaɗai. Zumunta a ƙafa take, a aika musu kofi tun yana tururi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya dawo da na nesa gida lafiya.