Me ya sa modem ke ƙin aiki a kwamfuta mai Linux?

A Lafia, inda mafi yawan masu shiga intanet suka dogara da layin MTN, Airtel ko Glo, kana iya soka modem a kwamfuta ka ji shiru. Sau da yawa matsalar direba ce.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke koya wa kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, yadda zai yi magana da wata na'ura. In babu ita, kwamfuta ba ta san abin da aka soka mata ba.

Modem da yawa na Huawei da ZTE, da zarar an soka su, sai su bayyana kamar faifan CD mai ɗauke da manhajar Windows. Wannan ba ta da amfani a Linux. Sai wata manhaja mai suna usb_modeswitch ta tura wa na'urar umarni ta koma modem. Daga nan kanel ya duba lambobin shaidarta, na kamfani da na samfuri, ya ɗora direbar da ta dace, kamar option ko qmi_wwan. Wata manhajar kuma mai suna ModemManager ta karanta SIM ta haɗa layi. Idan kanel ɗin tsoho ne kuma bai san lambobin ba, komai ya tsaya cik.

Abin na iya shafar masu gyaran kwamfuta da ɗalibai, irin na Jami'ar Tarayya ta Lafia. Amma ba kullum matsalar direba ce ba. Kafin ka jefar da modem, ka tabbatar an haɗa layinka da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, saitin intanet na layin, wato APN, daidai yake, sannan ka sabunta kanel.